NTI Kaduna da Adakar Malaminmu

Ranar sadakar bakwai ta malaminmu na aji uku, babban ɗansa ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado ya buɗe mana. Littattafan NTI ne maƙil a ciki, an ɗaure su da tsumma, gefen shafukan duk ya sha jan biro, wasu har da tabon kananzir. Shekara 35 ya yi yana riƙe da alli a firamaren ƙauye kafin ya yi ritaya, Allah Ya jiƙansa da rahama. Tun ranar nake da burin in ba da tarihin gidan da littattafan nan suka fito.

Maganar daga Sakkwato ta taso. A can ne, a watan Janairun 1974, Janar Yakubu Gowon ya yi shelar ilimin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya. Mulki ya bar hannunsa kafin a fara, sai a watan Satumbar 1976, zamanin Janar Obasanjo, aka ƙaddamar da shirin, wato UPE. An yi lissafin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun cika harabobin makarantu. Aji dai ko gindin kuka ya wadatar, amma malami fa? Aka ɗebo waɗanda suka gama firamare da waɗanda sakandare ba ta yi musu daɗi ba, aka yi musu horon gaggawa, aka miƙa musu rajista. Malaminmu yana cikin wannan ayari. Ya zauna jarrabawar Giredi Tu, Turanci ya kayar da shi, ya kama aiki ba tare da cikakkiyar takarda ba. Irinsa dubbai ne.

Domin su Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna cikin 1976, doka mai lamba 7 ta 1978 kuma ta ba ta gindin zama. Malam Hafiz Wali ne daraktanta na farko. Matsalar da ke gabansu mai wuyar warwarewa ce: in ka ɗauke malami ka kai shi kwaleji shekara biyu ko uku, wa za ka bar wa yara saba'in da ke ajinsa? Sai aka juya lamarin. Malami ya zauna inda yake, karatun ya bi shi har gida. A 1984 aka soma kwas na Giredi Tu daga nesa. Ana rubuta darussa cikin sauƙin harshe, a buga su ƙananan littattafai, a rarraba zuwa cibiyoyin karatu da ake aro a makarantun sakandare da kwalejoji. Ranar Asabar da lokacin dogon hutu a haɗu da masu koyarwa, sauran kwanaki kuwa kai da fitilarka.

Ina tuna malaminmu ranar Asabar da asuba, ya ɗaure littattafai a bayan keke da roba, ya naɗe ƙafar wando, ya nufi garin da cibiyarsu take. Da damina sai ya sa su cikin leda ya cusa a ƙirjin riga. Mu yara mamaki muke yi wai Malam ma yana da malami. Ran Litinin kuwa sai mu ga sabon abu: ya zo da 'ya'yan tsamiya da karan dawa yana koya mana lissafi da su, ya rage yawan bulala.

Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta nuna cewa wata rana NCE ce za ta zama mafi ƙarancin takardar malami. Da lokacin ya matso, NTI ta buɗe NCE daga nesa a 1990, karatun shekara huɗu. Malaminmu ya sake ɗaukar keke, furfura ta fara fito masa. Daga baya aka ƙara difloma ta malanta ga masu digiri, da bitar malaman firamare, ofisoshi suka bazu a kowace jiha.

Na san masu raina takardar NTI, suna cewa karatun Asabar ne kawai. Ba zan ce babu rauni ba. A 2017, a jihar da cibiyar take, malaman firamare fiye da 21,000 cikin kimanin 33,000 suka faɗi gwajin da gwamnati ta yi musu, kuma duk wata makarantar horon malamai tana da nata kason a wannan abin kunya. Sai dai ni na ga abin da littattafan nan suka yi a hannun mutumin da ya karanta su da gaske. Daga ajinsa likita ya fito, alƙali ya fito, ni ma da hannunsa ya kama nawa ya koya mini rubuta baƙi da wasali. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya ƙare shekarunsa na ƙarshe yana jeka-ka-dawo wajen tantance 'yan fansho, da fayil a hammata.

Hedikwatar cibiyar tana nan a Rigachikun, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Mai karatu, in malaminka na firamare yana raye, ka je ka gaishe shi cikin wannan makon, kuma kada ka je hannu rabbana.