Ciwon Tsauni: Abin da Ya Kamata Mutumin Ƙasar Hausa Ya Sani Kafin Hawan Dogon Dutse

Ciwon tsauni rashin lafiya ne da ke kama wanda ya hau wuri mai tsayi cikin gaggawa, kafin jikinsa ya saba da ƙarancin iskar oksijin. Yawanci yana farawa ne daga tsayin mita 2,500 sama da matakin teku. Mu mutanen Jibiya da Katsina da Maraɗi muna zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba ta kai mita 600 ba, don haka jikinmu bai san wannan yanayi ba.

Me ke jan mutane zuwa tsaunuka?

Tun da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka isa ƙololuwar Everest, mai tsayin mita 8,849, a ranar 29 ga Mayu 1953, hawan tsauni ya zama abin gwada juriya da neman suna. Wasu kuma sanyi da kyawun gani ke kai su. Wanda ya ƙetare iyakar Jibiya ya nausa arewa har Agadas zai tarar da duwatsun Ayar, inda tsaunin Bagzan ya kai mita 2,022. A Najeriya, Chappal Waddi da ke jihar Taraba shi ne mafi tsayi, mita 2,419. Tsaunin Kamaru ya haura mita 4,000, shi kuwa Kilimanjaro na Tanzaniya mita 5,895 ne.

Abin da ke faruwa a jiki

Kason oksijin a cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 cikin ɗari ne a ko'ina. Nauyin iskar ne ke raguwa, sai kowane numfashi ya shigo da oksijin kaɗan. A kusan mita 5,500 mutum na samun rabin abin da zai samu a bakin teku, a kan Everest kuwa kashi ɗaya bisa uku. Jiki yana iya sabawa ta hanyar saurin numfashi da ƙara jajayen ƙwayoyin jini, amma hakan na ɗaukar kwanaki. Ƙarfin jiki ko ƙuruciya ba sa kare mutum. Saurin hawa shi ne babban musabbabi.

Alamomi

Suna bayyana ne sa'o'i 6 zuwa 12 bayan isa wurin: ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko amai, kasala, rashin cin abinci da rashin barci. Suna kama da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa namu kan ɗauka maleriya ce, su sha magani su ci gaba da hawa.

Akwai matakai biyu masu kisa. Na farko taruwar ruwa a huhu: haki ko ana zaune, tari, majina mai kumfa ko jini-jini, da leɓɓa su yi duhu. Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa: tangaɗi kamar mai maye, ruɗewa, sambatu, sannan suma. Duka biyun suna iya kashe mutum cikin kwana ɗaya.

Haɗarin da ya fi shafar mu: sikila

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da jinsin jini AS. A gida mai AS lafiyarsa ƙalau, amma a kan tsauni ƙarancin oksijin na iya lanƙwasa ƙwayoyin jininsa su toshe jijiyoyin saifa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani farat ɗaya a saman ciki ta hagu, wani lokaci har kafaɗa. Mai amosanin jini, wato SS ko SC, ciwonsa na iya tashi tun bai kai inda sauran mutane ke jin komai ba, don haka hawan dogon tsauni ba nasa ba ne. Masu ciwon zuciya ko huhu, masu ƙarancin jini da masu juna biyu su ma su ga likita tukuna.

Rigakafi

A yi gwajin jinsin jini kafin tafiya. Bayan an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana 3 ko 4. A sha ruwa sosai, a guji giya da ƙwayoyin barci. A tanadi tufafi masu kauri, domin zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000. Likita na iya rubuta acetazolamide don taimaka wa jiki ya saba, amma kada a saya a kemis ba da shawararsa ba.

Idan alamomi sun bayyana

A daina hawa nan take. Idan ciwon kai ne da kasala kawai, a huta a sha paracetamol. Idan ba su lafa ba cikin kwana ɗaya, ko aka ga haki, tangaɗi, ruɗewa ko ciwon saifa, a sauko ko da dare ne, kuma kada a bar mara lafiya ya sauka shi kaɗai. Saukowar mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi. A ba shi oksijin idan akwai, a kai shi asibiti mafi kusa, a kuma shaida wa likita jinsin jininsa.