Yadda Ake Shigar da Ƙara Kan Lamuran Iyali a Kotunan Bauchi

Rikicin aure, ciyarwa, riƙon yara da rabon gado na cikin ƙararrakin da ake kai wa kotuna kullum a birnin Bauchi. Abu na farko da ya kamata mai ƙara ya sani shi ne, irin auren da aka ɗaura ne ke nuna kotun da ke da hurumin sauraron shari'ar. Idan kotu ba ta da hurumi, hukuncinta na iya rushewa a sama, a koma farko bayan an ɓata watanni da kuɗi.

Wace kotu ce ke da hurumi?

Auren da aka ɗaura bisa tsarin Musulunci, Kotun Shari'ar Musulunci ce ke duba shi. An kafa waɗannan kotuna a Jihar Bauchi a 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, kuma suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya.

Auren rajista kuwa, wanda aka ƙulla ƙarƙashin dokar aure ta tarayya, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke iya raba shi, bisa Dokar Shari'o'in Aure ta 1970.

Game da yara, Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta tanadi Kotun Iyali a matakin Majistare da na Babbar Kotu. Gwamna Bala Mohammed ya sanya hannu kan dokar kare yara ta Jihar Bauchi a 2023.

A Kotun Shari'ar Musulunci

Mai ƙara zai je ofishin magatakardan kotu da kansa, ko ya tura wakili ko lauya. Zai bayyana sunan wanda yake ƙara, inda yake zaune, da abin da yake nema. Bayan ya biya kuɗin shigar da ƙara, ya karɓi rasit ya adana. Daga nan kotu za ta aika sammaci mai ɗauke da ranar zama.

A ranar zama, dole da'awa ta fito fili. Matar da ke neman ciyarwa, alal misali, za ta faɗi watannin da aka bar ta ba abinci da adadin da take nema. Idan wanda ake ƙara ya amsa, alƙali zai yi hukunci da iƙirarinsa. Idan ya musanta, kawo shaidu na kan mai ƙara. In babu su, a mafi yawan da'awoyi rantsuwa kan koma kan wanda ya musanta.

Alƙalai kan fara neman sulhu. Idan rikicin ma'aurata ya tsananta, ana iya naɗa masu sasantawa biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Matar da ta tabbatar da cutarwa na iya samun raba aure ba tare da ta biya komai ba, saɓanin khul'i, inda take fansar kanta, galibi da mayar da sadaki. A Malikiyya, uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, muddin sharuɗɗan riƙo sun cika. Ciyar da yaran yana kan uba.

Kafin yanke hukunci, alƙali zai yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Tsallake wannan mataki na iya sa kotun sama ta soke hukuncin.

A Babbar Kotun Jiha

A nan komai a rubuce yake. Ana shigar da takardar koke tare da shaidar aure da takardar rantsuwa. Dalilin raba aure ɗaya ne: auren ya lalace ta yadda ba zai gyaru ba, kamar yadda sashe na 15 ya tanada. Sashe na 30 ya hana neman saki kafin aure ya cika shekara 2, sai da izinin kotu ko a wasu keɓaɓɓun dalilai. Ana iya neman umarnin wucin gadi kan ciyarwa ko riƙon yara kafin a gama shari'a. Hukuncin farko na saki kan tabbata ne bayan wata 3.

Ɗaukaka ƙara

Wanda bai gamsu da hukuncin ƙaramar kotun Musulunci ba zai nufi Babbar Kotun Shari'ar Musulunci, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumi kan aure, riƙon yara, wasiyya, kyauta, waƙafi da gado. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli. Wa'adin ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, don haka a nemi kwafin hukunci da wuri.

Marasa halin ɗaukar lauya na iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa ko Ƙungiyar Lauyoyi Mata, FIDA, waɗanda ke da rassa a Bauchi.