Asalin Sunan Ƙuduji a Littattafan Masana

A gabashin ƙasar Sudan akwai wani gari da ake kira Gadarif, rumbun hatsin ƙasar. Ƙasarsa baƙar laka ce, ana noma dawa da riɗi a manyan gonaki da tantan. Hausawa da yawa, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, suna zaune can suna noma. Babban abokin gabansu a gona shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, Larabawan wurin kuwa buda suke ce masa.

To, amma a littattafan masana sunansa Striga hermonthica. Ga yadda aka yi ya samo shi.

A shekarar 1798 Napoliyon na Faransa ya kai yaƙi Masar, ya tafi da masana fiye da ɗari. Cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 20, Alire Raffeneau Delile, masanin tsirrai. Shi ba ruwansa da bindiga. Aikinsa tsinko ganye da fure, ya busar, ya rubuta kamanninsu. Da ya gamu da wannan ciyawa mai fure ruwan hoda, sai ya laƙaba mata sunan wani tsohon gari a bakin kogin Nilu kusa da Luksor, wanda Girkawa ke kira Hermonthis, yau kuma ake ce masa Armant. A 1813 aka buga sunan. Daga baya wani Baturen Ingila, George Bentham, ya sa ta cikin dangin Striga, amma bai taɓa sunan garin ba. Har yau in an rubuta cikakken sunan ƙuduji sai an ambaci Delile, haka kuma gawo da aduwa.

Manomi ya riga Delile sanin halin ƙuduji. Ya san irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yana kwana cikin ƙasa shekara da shekaru, ba ya tsirowa sai saiwar dawa ko gero ta zo kusa. Sannan ya manne mata yana tsotso, kafin furensa ya fito ɓarna ta riga ta auku.

Amfanin wannan suna shi ne, mai bincike a Gadarif da na Samaru ta Zariya sun tabbata cuta ɗaya suke yaƙa. Shawararsu kuwa ɗaya ce: a tuge shi kafin ya zubar da iri, a zuba taki, a riƙa sauya dawa da wake ko gyaɗa.