Tara Sulallan Dalar Amurka na Zamani

Sulallan dala na zamani su ne waɗanda maƙerar gwamnatin Amurka ta buga tun daga 1971, sa'ad da aka fito da mai hoton Shugaba Eisenhower, sa'an nan na Susan B. Anthony a 1979, wanda jama'a suka ƙaurace masa domin ya yi kama da sulen kwatan dala, da na Sacagawea mai launin zinariya a 2000, da jerin shugabanni da aka soma a 2007.

Galibinsu, kasancewar an buga su miliyoyi, ba su wuce dala ɗaya ba a daraja. Amma ma'abota tara sulalla, waɗanda kan duƙufa da tabarau suna nazarin kowane tabo, suna la'akari da harafin maƙera, P ko D ko S, da lafiyar sulen bisa mizani daga 1 zuwa 70, da kuskuren bugu. Abin sha'awa shi ne sulallan Sacagawea guda 5,500 da aka sa cikin kwalayen abincin hatsi na Cheerios a 2000: waɗansunsu gashin wutsiyar mikiyar da aka zana a jikinsu ya fi na saura fitowa dalla-dalla, har akan saye su da dubban daloli.