Milimita Biyar: Yadda Aka Koyi Ɗame Zarton Bel

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'yan katako, ko ya tsaya a shagon masu yanka daskararren nama, ya ga wannan inji ko da bai san sunansa ba. Wili biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, an zagaya su da wani siririn ƙarfe mai haƙora wanda aka haɗe bakinsa biyu ya zama zobe. Inji yana juya wilin ƙasa, ƙarfen yana gudu kamar bel, haƙoransa suna sauka kan katako ba tsayawa. Saboda wannan kama da bel ɗin inji zan kira shi zarton bel. Siffarsa ba ta da wuyar ganewa, yaro ma zai iya zana ta. Amma daga ranar da aka zana ta zuwa ranar da ta fara tsaga gumagumai a manyan masana'antu an ɗauki fiye da shekara sittin, kuma kusan duk jinkirin ya taso ne daga tambaya guda: yaya za a ja ƙarfe ya ɗame, ya kuma zauna a ɗame, ba tare da ya tsinke ba?

Tun kafin 1810 wani mutumin Landan, William Newberry, ya karɓi takardar mallakar wannan ƙirƙira daga hukumomin Ingila. Hikimarsa a fili take. Zarton da ke kai da komowa rabin tafiyarsa kawai yake yanka, sauran rabin komawa ce. Zobe kuwa ba ya komawa. Sai dai ƙarfen zamanin Newberry bai iya ɗaukar abin da zanen yake nema ba. Ruwan zarton yana lanƙwasa idan ya hau wili, ya miƙe idan ya sauka, ya sake lanƙwasa a wili na biyu. Wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san ƙarshen wannan. Zarto mai tsawon mita 10 da ke gudun mita 40 a daƙiƙa yana zagayawa sau 4 a daƙiƙa ɗaya, wato lanƙwasa 8, kusan 29,000 ke nan a awa. Inda ya fi saurin tsinkewa shi ne mahaɗin bakin biyu.

Faransa ce ta warware wannan. A 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta nemi takardar mallakar wata hanyar haɗa bakin zarto da ke jure lanƙwasa, sannan ta sayar wa kamfanin Perin na birnin Paris izinin amfani da ita. Perin ya haɗa wannan da ingantaccen ƙarfe da ƙwarewa wajen gasa shi da sanyaya shi, ya nuna injinsa a babban baje kolin Paris na 1855. Shekaru da yawa bayan haka masu ƙera inji a Ingila da Amurka daga Faransa suke sayen ruwan zarto. A Amurka ma an ba wani Benjamin Barker na jihar Maine takardar irin wannan inji tun 1836, amma shi ma matsalar ƙarfe ta tsaya masa a gaba.

Daga wannan gwagwarmaya masu sana'ar suka fitar da wata ƙa'ida da har yau ake bi: kaurin zarto kada ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na faɗin wilin da zai hau. Wili mai faɗin mita 1.5 yana son zarto mai kaurin milimita 1.5 ko ƙasa da haka. Abin da ya sa injinan tsaga gumagumai suke da manya-manyan wili ke nan, ba don ado ba.

Da aka sami ƙarfen da ba ya karyewa, sai ainihin matsalar ta bayyana. Siririn ƙarfe ba shi da ƙarfin kansa. Idan aka tura masa gungume sai ya kauce, ya yanka katako a karkace. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne ɗamewa, kamar yadda tsirkiyar baka ba ta da amfani sai an ja ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora wilin sama a kan wani ƙarfe mai zamewa, a sa dogon sukuru a ƙarƙashinsa, a murɗa har zarto ya ɗame, a bar shi nan. A ido wannan ya isa. A lissafi bai isa ba.

Mu ɗauki misalin zarton nan mai tsawon mita 10, faɗin milimita 150, kaurin milimita 1.5. Idan aka ja shi matsakaicin ja na aiki, kowane ɓangare yana ɗauke da nauyin da ya haura tan 2, kuma tun da ɓangare biyu ne ke rataye a wilin sama, sandar wilin tana ɗauke da kusan tan 4.5. Duk wannan ja bai ƙara wa zarton tsawon da ya wuce milimita 5 ba. Ɗamewar gaba ɗaya a cikin milimita biyar ɗin nan take zaune. To, ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya ɗauki zafi, kimanin milimita 0.012 a kowace mita a kowane digiri. Idan gogayya da katako ta ɗaga zafin zarton da digiri 20, tsawonsa ya ƙaru da milimita 2.4. Wilin sama yana nan inda sukuru ya kafe shi, bai san abin da ake ciki ba, kusan rabin ɗamewar ta tafi. Mai inji ya ga zarto yana rawa, sai ya ƙara murɗa sukuru. Da aka tashi cin abinci ƙarfe ya huce, ya nemi komawa tsawonsa na asali, wili ya hana shi. Da haka tsaga take farawa daga gindin haƙori. Haka nan idan ɓawon itace ya faɗa tsakanin zarto da wili: kaurin milimita biyu kacal, amma a injin da ba ya sassautawa wannan ja ne mai tsanani a cikin ƙiftawar ido.

Abin da maƙeran ƙarni na 19 suka gano a hankali shi ne kuskure ne a kafe wili a wuri ɗaya. Abin da ya kamata ya tsaya daram shi ne ƙarfin jan, wili kuwa a bar shi ya hau ya sauka. A ƙananan injina an sa sifirin ko curin roba tsakanin sukuru da mazaunin wili, ya riƙa shanye bugu. A manyan injina an koma ga dabarar sikelin awo: liba mai dogon hannu, an rataya ƙarafa masu nauyi a ƙarshenta, gajeren hannunta yana tokare wilin sama. Idan zarto ya yi zafi ya miƙe, nauyi ya sauka kaɗan, wili ya hau, ja bai canza ba. Idan ya huce, nauyi ya koma sama. Domin gogayya kada ta cinye wannan ɗan motsi, ana ɗora libar a kan ƙarfe mai kaifin baki, irin wanda ake sa wa sikeli mai kyau. A ganina nan ne aka ƙirƙiri zarton bel na gaskiya, ko da yake sunayen da tarihi ya riƙe na masu takardun farko ne.

Akwai wasu dabaru da suka biyo baya. Ana yin wilin ƙasa da nauyi, na sama kuma mara nauyi, domin idan gungume ya rage wa zarto gudu, wilin sama mai nauyi zai ci gaba da juyawa ya turo ƙarfe ƙasa, ya saki ɓangaren da ke yanka daidai lokacin da aka fi bukatar ya ɗame. Ana kuma ɗan tudunta tsakiyar fuskar wili, saboda bel yakan nemi wuri mafi tudu ya zauna, sannan a sa abin karkata wilin sama don daidaita inda zarto ke gudu.

Dalilin duk wannan wahala kuɗi ne. A rabin ƙarni na 19 na biyu dazuzzukan Michigan da Wisconsin da Minnesota ne ke ciyar da Amurka da katako, kuma babban zarton faifai ne ke tsaga su. Faifai mai girma dole ya yi kauri, don haka kowane yanka yana mayar da kimanin rubu'in inci, ko fiye, ya zama dusa. Zarton bel kusan rabin haka yake ci. A falanki mai kaurin inci ɗaya, inda faifai ya fitar da 9, bel zai fitar da 10 daga gungume guda. Dusar ta yi yawa har ana yi wa garin Oshkosh na Wisconsin laƙabi da birnin dusar katako. Jacob Hoffman na Fort Wayne a jihar Indiana yana cikin waɗanda suka fara tsaga gumagumai da bel a ƙarshen shekarun 1860, amma sai a shekarun 1880 manyan masana'antu suka karɓe shi. Bai ceci dajin ba. Saran itace a Michigan ya kai ƙololuwa wajen 1890, daga nan ya yi ta raguwa saboda itatuwan sun ƙare. Falanki na goma ya shiga aljihun masu masana'anta ne kawai.

Wani sashe na aikin kuwa inji bai taɓa karɓe shi gaba ɗaya ba. Faffaɗan zarto ba ya ɗaukar zafi daidai: gefen haƙora ya fi zafi, ya fi miƙewa, don haka ko wili yana ja da kyau, gefen da ke yanka zai iya yin sako-sako. Maganin shi ne a miƙar da tsakiyar ƙarfen tun kafin a ɗora shi, da guduma a kan maƙera ko ta matsa shi tsakanin ƙananan gargare biyu. Tsakiya ta fi gefuna tsawo kaɗan, saboda haka idan wili ya ja, gefuna ne ke fara ɗamewa. Mai wannan aiki yakan ɗaga zarton, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a faɗinsa, ya duba siririn hasken da ke ratsawa tsakaninsu. Girman hasken ne ma'auninsa. A Ingila da Ostireliya likitan zarto ake kiransa, kuma a masana'antun Amurka yana cikin ma'aikatan da suka fi kowa albashi, domin idan hannunsa ya kuskure aikin ɗaruruwan mutane ya tsaya.

Ƙarni na 20 ya raba zuriyar gida biyu. A 1933 Leighton Wilkie na kamfanin DoALL ya fitar da zarton bel mai yanka ƙarfe, wanda ke bukatar ja mai ƙarfi da gudu a hankali. A manyan masana'antun katako kuma an sauke ƙarafan nauyi, domin nauyi yana da nawar motsi: yana bin zafi da kyau, amma idan bugu ya zo farat ɗaya sai ya makara, sannan ya yi ta lilo. Matsattsiyar iska da matsattsen mai suka maye gurbinsa. Iska ba ta da nawa, tana sassautawa nan take, kuma ana karanta ƙarfinta a agogon awo. Wannan ya ba da damar ƙara ja sosai da rage kaurin zarto, dusa ta ƙara raguwa. A 1982 kamfanin Wood-Mizer na Indianapolis ya fara sayar da ƙaramin inji mai siririn bel da ake ja da mota zuwa inda itace yake.

Ƙaramin injin da ke shagon kafinta kuwa har yanzu sukuru da sifirin ne, kusan yadda yake a shekarun 1930. Rauninsa yana nan inda ba a gani. Idan aka ɗora masa zarto mai faɗin da ya fi ƙarfinsa, mai aiki zai murɗa har sifirin ya matse gaba ɗaya, zobbansa su haɗe. Daga wannan lokaci sifirin ya zama curin ƙarfe, wili ya kafe, injin ya koma halin da kakanninsa suke ciki kafin a san amfanin sassauci. Idan kuma aka bar shi a ɗame kwana da kwanaki ba aiki, robar da ke fuskar wili tana lotsewa a wuri ɗaya, sifirin yana gajiya. Shi ya sa sababbin injina da yawa suke zuwa da wata liba a baya, wadda ake ja sau ɗaya idan an tashi aiki, wilin sama ya sauko, zarto ya kwana a sake.