Ƙarancin insulin: Abin da masu ciwon suga a Kontagora ya kamata su sani game da alƙalamin allura

Insulin sinadari ne da jiki ke samarwa domin shigar da sukarin da ke cikin jini zuwa gaɓoɓi. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya jikinsa ba ya samar da shi, saboda haka rayuwarsa ta rataya ne a kan allurar kullum. Da yawa daga masu nau'i na biyu ma kan koma ga allurar idan ƙwayoyi suka daina wadatarwa.

An gano maganin ne a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1921, aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa a Janairun 1922. A yau, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021, kamfanoni uku ne ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa: Novo Nordisk na Denmak, Eli Lilly na Amurka da Sanofi na Faransa. Don haka shawarar da aka yanke a wani ofis a Turai kan iso har kantin magani a Kontagora.

An ga misalin haka a 2024, lokacin da asibitocin gwamnati na Afirka ta Kudu suka rasa alƙaluman insulin bayan Novo Nordisk bai sabunta kwangilarsa ba, a daidai lokacin da buƙatar magungunansa na Ozempic da Wegovy, waɗanda su ma a alƙalami ake zuba su, ta ƙaru. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta soki matakin. A Najeriya kuwa, faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ɗaga farashin magungunan da ake shigowa da su, sannan Sanofi ya sanar a ƙarshen shekarar cewa zai miƙa rarraba kayansa ga wani kamfani dabam.

Alƙalami iri biyu

Akwai alƙalamin da ake jefarwa da zarar maganin cikinsa ya ƙare, akwai kuma mai ɗorewa, wanda ake cire kwanson gilashin da ya ƙare a sa sabo. Irin na biyun ya fara fitowa ne a 1985 da sunan NovoPen, kuma yana iya yin shekaru a hannun mai shi. Kowane kwanso kan ɗauki mililita 3, wato yunit 300. Ribarsa ita ce kwanson kaɗai ake saya, kuma mai raunin gani yana iya ƙirga yunit ta ƙarar da ke fita yayin murɗa shi.

Sai dai ba kowane kwanso ke shiga kowane alƙalami ba. Na Novo Nordisk da NovoPen yake tafiya, na Lilly da HumaPen, na Sanofi da irin su AllStar. Tilasta kwanso a alƙalamin wani kamfani na iya sa adadin maganin ya kauce ba tare da mai shi ya sani ba. Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a tambayi mai harhaɗa magunguna wane kwanso ne ya fi samuwa a gari, domin alƙalamin da sai an je Minna ko Kaduna ake samun kwansonsa wahala zai ƙara, musamman ga mai zuwa daga Rijau, Mariga ko Mashegu. A kuma duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Kafin kowace allura, ana ɗaura sabon tsinke, a fesar da yunit 2 a iska har ɗigo ya fito. Insulin mai kama da madara ana jujjuya shi a hankali har ya haɗu. Bayan danna maɓalli, a bar tsinken cikin fata kamar daƙiƙa 10. Mutum biyu ba sa haɗa alƙalami ɗaya ko da an sauya tsinke, saboda haɗarin cutar hanta da HIV.

Idan aka koma kwalba da sirinji

A nan ne kuskure mafi haɗari yake. Insulin na zuwa da ƙarfi iri-iri, kuma wanda ke cikin kwanson alƙalami galibi U-100 ne, wato yunit 100 a kowace mililita. Akwai kuma U-40. Duk wanda ya zuƙi U-100 da sirinjin U-40 zai yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta, abin da kan jefa mutum cikin gumi, rawar jiki da suma. Dole lambar da ke jikin kwalba ta zama ita ce a jikin sirinji.

Sauya wani nau'in insulin da wani aikin likita ne, domin mai saurin aiki da mai daɗewa ba sa maye gurbin juna, kuma ana bukatar yawaita gwajin jini a kwanakin farko. Rage allura domin magani ya kai ƙarshen wata, ko tsallake ta, na iya haifar wa mai nau'i na ɗaya taruwar guba a jini cikin kwana ɗaya ko biyu. Amai, ciwon ciki, matsanancin ƙishirwa da numfashi mai zurfi alamu ne na a garzaya Babban Asibitin Kontagora ko asibiti mafi kusa ba tare da jira ba.

Zafi da ajiya

Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya daskare ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi kan yi kusan kwana 28 a inuwa. A Kontagora, inda zafin Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40, inuwar ɗakin kwano ba ta isa.

Wani bincike da MSF da Jami'ar Jeniba suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa insulin bai rasa ƙarfinsa ba tsawon mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37. Inda babu tsayayyar wutar lantarki, tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa, na rage zafin ƙwarai a lokacin rani. Ana sa maganin a mazubi mai murfi domin kada ruwa ya taɓa shi, a ajiye tukunyar inda iska ke kaɗawa.