Matar da aka ƙona don a kori aljani

Jama'a, duk lokacin da na ga bidiyon da ake jibgar mara lafiya wai ana cire masa aljani, labarin Bridget Cleary ne ke faɗo mini a rai. Ba a ƙasarmu abin ya faru ba, a wani ƙauye ne mai suna Ballyvadlea, a yankin Tipperary na ƙasar Ayilan, a shekarar 1895.

Mutanen karkarar Ayilan na wancan zamani sun yi imani cewa aljanu na zaune a tsofaffin kufai masu ganuwa, kuma suna sace mutum su ajiye nasu mai kama da shi. Kusan abin da muke kira ɗan musaya ke nan, sai dai su har babba ana musanyawa.

Bridget tela ce, tana da keken ɗinki, tana kiwon kaji tana sayar da ƙwai. Shekara takwas da aure ba haihuwa, ga ta da abin hannunta, kun san yadda bakin ƙauye yake da irin wannan mace. A farkon watan Maris ta kwanta ciwo. Likita ya yi kwanaki kafin ya zo, da ya zo ya ce ciwon ƙirji ne, ya ba da magani. Amma wani dattijo ɗan uwan mahaifinta, Jack Dunne, ya ce ai wannan da ke kwance ba Bridget ba ce.

Daga nan komai ya lalace. Mijinta Michael ya karɓo saiwoyi wurin mai maganin gargajiya, aka dafa su da madara. Ran 14 ga Maris da dare 'yan uwanta maza suka danne ta aka yi mata ɗura, aka watsa mata fitsari, aka ɗaga ta a kan murhu ana tambayarta da sunan Allah ko ita ce matar Michael. Tana cewa ita ce. Mahaifinta na ɗakin fa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai wallahi, domin a ganinsu magani suke yi, wadda suke azabtarwa ba 'yarsu ba ce.

Washegari da dare Michael ya ba ta burodi yanka uku, ta ci biyu ta kasa na ukun. Ya kayar da ita, rigarta ta kama wuta, ya kwara mata kananzirin fitila. Ta ƙone a gaban danginta.

Ran 22 ga wata 'yan sanda suka tono gawar a wani ɗan rami. Kotu a Clonmel ta yanke wa Michael ɗaurin shekara 20, wasu daga dangin ma aka ɗaure su. Jaridun da ke adawa da bai wa Ayilan mulkin kai suka samu na yi, wai ga mutanen da ke neman majalisarsu.

Kafin a kama shi, Michael ya riƙa zuwa kufan Kylenagranagh da dare riƙe da wuƙa, yana jiran matarsa ta gaskiya ta fito a kan farin doki ya yanke igiyar da aka ɗaure ta da ita. Ya yi shekara 15 a kurkuku, aka sake shi a 1910, ya shiga jirgin ruwa zuwa Kanada.